Kurmin da Ya Auri Kansa

Mai gadin kurmi, wanda yaran tsibirin ke kira Dogo Ba Hira, ya tsufa yana yi wa itatuwa aure. Wani irin itace ne mai farin fure, an ce duk duniya sai a can ake samunsa. Lokacin fure sai ya ɗauki gashin kaza, ya lakato garin furen wannan ya shafa wa wancan. Shekara da shekaru, ko ɗa guda itatuwan ba su yi ba. Fure ya bushe ya zube, Dogo ya koma ɗaki ya ɗora tukunyar mutum ɗaya.

Sai ga wata mai bincike ta sauko daga jirgin ruwa, ta bi tsibirin tana tsinkar ganye, har cikin gidajen mutane. Ta tafi ta duba alamomin gado da ke cikin ganyen, masu nuna wa ya haifi wa. Da ta dawo, ta sami Dogo a kurmi.

"Baba, kurmin nan duka itace ɗaya ne. Saiwa ce ta bi ƙasa tana tohowa."

"Wato ango da amaryar..."

"Duk shi ne, Baba."

Dogo ya tsura wa gashin kazar ido.

"Amma akwai bare guda, jininsa daban," in ji ta. "Yana gidan wata tsohuwa a bakin gaɓa, mai shuɗiyar ƙofa."

Wa zai gaya wa mai binciken? Tsohuwar nan yayarsa ce! Rabonsu da magana tun ranar da ta ce marigayiya matarsa ba ta iya miya ba. Tsakani da Allah kuwa, ba ta iya ɗin ba.

Ya yi ta jan ƙafa har furen kurmi ya fara zuba, sannan ya tafi. Ya tarar ta ɗaure igiyar shanya a jikin itacen. Kujera ɗaya ce tal a tsakar gidan.

"Wa nake gani kamar autan Inna? Mutuwata ka ji?"

"Fure na zo roƙo, Yaya."

"Ai na san ba don ni ba."

Ya miƙa gashin kazar cikin furen itacen, yana lakatowa garin na zubewa ƙasa. Ta fizge gashin kazar.

"Kawo nan! Tun kana yaro ba ka iya komai ba."

Ta tara masa garin a murfin kwano, ta raka shi ƙofa.

"In ya yi ɗa, ka kawo in gani. In bai yi ba ma, hanyar ba ta cizo."