Hayaƙin Tsiren Lado

Zama shida kacal aka yanka wa Saje Njidda da Madam Fadimatu, likitar da ke sauraron sojojin da suka dawo daga daga, sai ka ce abin da ya gani a Kolofata mura ce.

Ya faɗa mata damuwarsa ƙaurin nama ce. Tun ranar da motarsu ta taka bam ta ƙone da abokinsa Alim a ciki, da ya shaƙi hayaƙin gashi sai ya kasa ƙara ko taku ɗaya. A unguwarsu ta Briketeri a Yawunde kuwa, kowace kwana da mai tsire.

Sauran maganar ya haɗiye. Lado, ɗan jagoran da ya ɗora su kan waccan hanya ya sulale kafin fashewar, yanzu tsire yake gasawa a layin teloli. Njidda ya tsane shi har cikin ɓargo, amma hayaƙin ya hana shi matsawa.

Baiwar Allah ta duƙufa. Ta koya masa jan numfashi, ta ce ya zaɓi mai tsire ɗaya, kowane mako ya ƙara taku goma. Ba ta taɓa samun ɗalibi mai himma irinsa ba.

A zama na shida ta ce, "Saje, yau tare za mu je. Ina so in ga ka ci da idona."

Bayan la'asar suka isa, layi cike da jama'a. Lado ya yanko ɗanɗano, ya miƙo a bakin wuƙa kamar yadda ake yi wa kowane mai saye. Sai da Njidda ya damƙe wuyan hannunsa sannan Lado ya ɗago kai.

"Saje, don Allah," ya ce ƙasa-ƙasa. "'Ya'yana suka riƙe. Ni ma tilasta mini aka yi."

Njidda ya ciro naman, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Shekarun nan kalma ɗaya ta isa ta sa jama'a su hallaka mutum a Yawunde, kuma ya sani. Ya ɗaga murya, da Hausa sannan da Faransanci.

"Jama'a, ga ɗan leƙen asirin Boko Haram."

Kekunan ɗinki suka tsaya. Mahauta suka fara fitowa daga rumfuna.

Madam Fadimatu ta riƙo rigarsa. "Abin da na yi ta shirya ka dominsa ke nan?"

"Kin iya aikinki, Madam," ya ce, bai saki hannun ba.