Kwandon da ke Wuce Barandar Dije

Tun ranar da Dije ta sauka a unguwar Darrasa, kwandon nan ya hana ta sakat. Kullum da hantsi sai ta ga ya sauko a kan igiya ta gefen barandarsu, wani tsohon kwandon kaba mai ɗaurin shuɗin ƙyalle, ya wuce har ƙasa. Mai gurasa ya tsayar da kekensa ya jefa biyu ko uku, ya ɗaga kai ya yi wata magana da Larabcin nan nasu mai gudu kamar an koro shi. Daga nan kwando ya kama hanyar sama, yana tafe yana hutawa.

Hutawar ce ta fi tsaya mata a rai. Wane irin mutum ne jan gurasa uku sai ya tsaya ya numfasa?

"Malam, wai wa ke saman namu ne?" ta tambayi mijinta Nata'ala, yana ɗaure littattafansa zai tafi karatu.

"Ke dai da jin ƙwaƙwaf! Nan Alƙahira ce fa, ba Gumel ba. Shekarata biyu a gidan nan, ban san shi ba, bai san ni ba, kuma lafiya lau muke."

Lafiya lau a wurinsa. Ita kuwa ciki ya tsufa, ga haihuwar fari, ga ba ta jin Larabci sai "tamam" da "ma'alish", wato "daidai" da "yi haƙuri". Da an shirya Innarta za ta zo ta zauna da ita, sai garin ya hargitse a shekarar, yayyen Dije suka ga tarzoma a talabijin, suka ce wallahi tsohuwa ba inda za ta. Matan ɗalibai 'yan gida kuma suna can nesa a unguwar Madinat Nasr, hanya yau a buɗe gobe a rufe. To wa zai yi mata wankan jego? Wa zai dama kunun kanwa, wa zai gasa wa jariri cibi?

"Khalas, shi ke nan, ni zan yi," in ji Nata'ala.

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ko shayi ya dafa sai ya bar tukunya ta ƙone! Dariya ta yi a gabansa, yana fita ta zauna ta sha kukanta. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

Sau da yawa ta so leƙa sama ta ga mai igiyar, ciki ya tokare ƙarfen baranda. Rana ɗaya ce ta hango yatsu, baƙaƙe kamar nata, da jan lalle a farce. Nan fa abin ya ƙara cin ta. Mace ce ke nan. To me ya hana ta saukowa?

Wata Juma'a aka rufe hanyoyi, mai gurasa bai zo ba. Kwando ya sauko ya yi ta lilo a rana har azahar, ya koma wofi. Washegari ma haka. Da ya zo wucewa ta gabanta a karo na biyu ba komai a ciki, Dije ta ce, "Kai, wannan ba da ni ba!" Ta cafke igiya. Aka ja daga sama, ta riƙe. Aka sake ja, ta ɗaga murya ta ce, "Ma'alish!" don ita ke nan kalmar da ta zo mata.

Tuwon shinkafa ta tuƙa ranar, da miyar kuka, da ɗan ragowar daddawar da ta zo da ita daga gida take ta lallaɓawa. Ta zuba a kwanon samira, ta ɗaure da tsumma, ta saka, ta girgiza igiya. Kwando ya tashi da ƙyar. Sai da ya huta ya fi a ƙirga kafin ya ɓace.

Shiru. Ba kwano, ba motsi. Gari ya waye, hantsi ya yi, mai gurasa ya dawo yana ta ɗaga kai yana kira, kwando bai sauko ba.

"Daddawa kika ɗura wa baiwar Allah?" Nata'ala ya riƙe baki. "Da yajin nan naki? Dije, mutanen nan ko warinta ba su sani ba. In wani abu ya same ta, da wane Larabcin za ki yi bayani?"

Hankalin Dije ya tashi. Ko matar ta ɗauka an mai da ita mabaraciya ne ta yi fushi? Ko tana can kwance cikinta ya ɓaci? Ta yi niyyar hawa, Nata'ala ya ce da wannan cikin ba ta taka masa matakala.

Bayan la'asar sai suka ji wani abu daga sama. Ƙwas, sanda. Sai jan ƙafa. Sai shiru. Ƙwas, jan ƙafa, shiru. Dije ta miƙe tsaye. Ta san wannan hutun, ai shi ne na kwando.

Kafin a buga ta buɗe ƙofa. Wata tsohuwa ce doguwa, baƙa, naɗe cikin laffaya irin ta matan Sudan, tana haki, zufa na zuba. Hannu ɗaya sanda, ɗayan kwanon samira cike da dabino da busasshen zoɓo. Ta dubi Dije, ta buɗe baki, Hausa ta fito tangaran:

"Wace ce mai daddawar nan?"

Dije ta matsa ta ba ta hanya. Nata'ala ne ya yi ta maza ya jawo kujera.

Sunanta Awadiyya. A Maiurno aka haife ta, can Sudan. Kakanninta daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa za su aikin hajji, hanya ta ajiye su a bakin kogi. Aure ya kawo ta Masar, miji ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki a ƙasar waje. Gwiwoyi kuma sun daɗe da hana ta matakala.

"Rabona da wannan ƙamshi tun rasuwar uwata," ta ce. "Jiya ban ci ba sai da na yi kuka na ƙoshi. Na ce ko da rarrafe sai na ga hannun da ya kaɗa miyar nan. Kullum ina jin surutu daga ƙasa, kunnen ya mutu, na zaci Habashawa ne."

Sai idonta ya sauka kan cikin Dije. Ta daɗe tana kallo.

"Ya bitti, 'yata, wannan ai ya sauko. Na fari ne? Wa zai kama miki ruwan zafi?"

"Babu kowa, Iya." Dije ta girgiza kai. "Wallahi babu kowa."

"Ji min yarinya! Babu kowa, ni kuma a saman kanki me nake, tantabara?" Ta juya ga Nata'ala, ta nuna shi da sanda. "Kai malami, ajiye littafin nan. Gobe ka tafi kasuwar Ataba ka samo babbar tukunya da kanwa. Yanzu kuwa, yalla, maza, ga makulli, hau ka sauko min da katifata da carbina."

"Katifa, Iya?"

"To da wace gwiwar zan koma? Na sauko ke nan, sai an yi arba'in."

Dije ta durƙusa da ƙyar, ta kifa kai a cinyar tsohuwar, ta saki kukan da ta daɗe tana ɓoyewa. Yatsun nan masu jan lalle suka sauka a bayanta, suna bubbugawa a hankali.