Kitson da Rhoda Ta Bari Rabi

A makarantar koyon aikin jinya kowa yana da abin faɗa a kan Rhoda. Malamai suna cewa tana da ƙwaƙwalwa, sai dai hankalinta ba ya zama wuri ɗaya. Marasa lafiya suna cewa allurarta ba zafi. 'Yan ajinsu kuwa, waɗanda ta girme su nesa ba kusa ba, suna cewa in ka aiki Ya Rhoda ɗebo ruwa, gara ka sa wani ya bi bayanta.

Ita ma ta san da haka. Tun tana yarinya a ƙauyensu wajen Biu take ƙona miya. Sai da ta haura talatin ta samu shiga makarantar, kuma abin bai bar ta ba. Malami yana bayani, ƙadangare ya gifta ta taga, ta bi shi da ido, kafin ta dawo an yi nisa.

Agnes, abokiyar ɗakinta, ita ta gano dabarar ba da niyya ba. Wata Asabar Rhoda tana yi mata kitso, ita kuma tana karanta darasin zagayawar jini da ƙarfi don kanta. Washegari Rhoda ta maimaita darasin kaf. Daga nan abin ya zama aikinsu: Agnes ta zauna a tabarma da littafi, Rhoda tana bisa kujera tana tsaga. In yatsun suka yi sanyi, Agnes ta san hankalin ya tafi, sai ta ɗan daki gwiwarta. "Dawo, Ya Rhoda, muna kan ƙoda." A kwance kitso, a sake, ko bai tsufa ba.

"In kin ci jarrabawa rabi nawa ne," in ji Agnes, "da fatar kaina aka saya."

Ranar da dangin Dzarma, saurayin Agnes, za su zo gaisuwa gidan kawunta a unguwar Mairi, Rhoda ta je da sassafe don ta yi mata kitso. Ta gama gefen dama, zare ya ƙare.

"Bari in sayo a bakin titi, yanzun nan."

Ta sayi zaren ke nan a bakin titi, sai ta haɗu da Ya Binta, wata tsohuwa da ta taɓa wanke wa gyambo a asibiti. Tsohuwa ta riƙe hannunta, ta ce sai ta zo ta ga ƙafar, gidan nan kusa ne. Rhoda ta duba, ta ga gyambon ya sake ruwa, ta sa aka dafa ruwan gishiri. Aka kawo shayi. Jikar tsohuwa tana tari, ta duba ta ita ma. Sai da ladan ya kira la'asar ta taɓa bakin zanenta, ta ji ƙullin zare.

Ta tarar baƙi sun tafi. Agnes tana zaune a bakin gado, rabin kai kitse, rabi a tsefe. Kunya ta sa Rhoda dariyar da ba ta shirya ba.

"Ai ɗankwali ya rufe, ko?"

"Bai rufe ba," in ji Agnes. "Gwaggonsa ta janye shi za ta dafa kaina ta yi addu'a. A gaban kowa."

A satin nan Agnes ta kwashe kayanta ta koma gidan kawu. A aji sai gaisuwa irin ta baƙi.

Rhoda ta ci gaba yadda za ta iya. Ta ɗaura ulu a ƙarfen gado, tana kitsa shi tana karatu. Tana zagaya itatuwan dalbejiya na bayan ɗakin kwana tana faɗin sunayen magunguna. A ɗakin marasa lafiya ta koyi faɗin aiki da baki kafin ta taɓa shi, don kada ya zube mata a hanya. Darasi yana shiga, ba laifi. Amma ulu ba ya sanin lokacin da ta tafi, kuma ba ya tsokana. Wani lokaci ta ga abin dariya, ta juya wajen gadon Agnes, sai katifa naɗe. Ranar Lahadi a coci tana jin muryar Agnes cikin mawaƙa, ta kasa ɗaga kai.

Da aka tura su sashen masu taɓin hankali don koyon aiki, wani likita ya yi musu bayanin yaran da hankalinsu ba ya tsayawa. Ya ce ba rashin tarbiyya ba ne, kuma wasu suna girma da shi. Rhoda ba ta ga ƙadangare ko ɗaya ba har ya gama. Ashe abin yana da suna, ashe ba ita kaɗai ba ce. Mutum ɗaya take son gaya wa.

Ta hau bas zuwa Mairi, tana ta shirya maganar a hanya. Ta samu Agnes a tsakar gida tana wankin fararen kayan aikinta.

"Sannu da aiki. Agnes, kin ji abin da likita ya faɗa? Ni ce. Haka aka halicce ni, shi ya sa ranar nan..."

"Ina wurin, na ji." Agnes ba ta ɗago ba. "Ni na daɗe da sani, ba sai likita ya faɗa ba. Mantuwarki ba ta taɓa ba ni haushi ba, Ya Rhoda. Dariya kika yi."

Rediyon maƙwabta yana waƙa, wata akuya tana jan igiyar shanya. Rhoda ta ji hankalinta yana son bin su, ta dafa bango, ta tsare idonta a kan hannuwan Agnes da suka tsaya cikin kumfa. Duk abin da ta shirya a bas ya zama ba shi da amfani. Ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti.

"Na bar ki a ranarki, na dawo na yi dariya. Ban kyauta ba, ƙanwata. Ki yafe mini."