Tambulan Mai Gindi

Ablawa ta ajiye kofi mai dogon wuya, ta ɗauki wani gajeren tambulan mai kaurin gindi, ta riƙe shi da hannun hagu tana girgiza hannun da gangan. Mai rumfar, wata ƙatuwar mata da ta tsufa a kasuwar Dantokpa, ta bi ta da kallo.

"Tanti, kofi za ki saya ko rawa kike koya masa?"

Ablawa ba ta yi dariya ba. Ta ce a naɗe mata dozin.

Shekara da shekaru, duk yammacin Juma'a manyan ma'aikatan tashar jirgin ruwan Kwatano a falon mijinta Hunsu suke taruwa. Shi yake haɗa sodabi, barasar giyar kwakwa, da ruwan abarba da lemun tsami da hannunsa, ya zuba a kofuna masu wuya kamar na zalɓe, yana cika baki cewa ko a Paris ba a sha irinsa. Sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, falo ya yi tsit. Abokai sun zo dubiya asibiti, daga nan sai gaisuwa ta waya. Ita ta san ba magani ne zai tashe shi ba, hayaniyar mutanen nan ce. Shi ya sa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har da roƙo, su dawo yau.

Ta gayyaci falo guda, huɗu suka zo. Ta sanya wa Hunsu rigarsa ta leshi, ta tura kekensa na marasa lafiya gaban teburi, ta jera soyayyar doya da gyaɗa. Dokta Akpovi, amininsa tun makaranta, ya juya sabon tambulan a hannu ya tambaya ko an mayar da gidan mashayar bakin titi ne. Aka yi 'yar dariya.

A gidan nan ba a kai kofi baki sai maigida ya ɗiga wa kakanni nasu a ƙasa, ya kurɓa, sannan baƙi su sha. Mako guda Ablawa tana koya masa da ruwa a kofin roba. Ta manta gilashi ya fi roba nauyi. Hunsu ya ɗaga, ya karkata, hannu ya ƙi tsayawa. Duka ya tuntsure a cinyarsa, ƙanƙara ta gangara ƙarƙashin kujeru.

"Lallai tsofaffin nan sun daɗe da ƙishi," in ji Akpovi.

Ba wanda ya taya shi dariya, kuma ba wanda ya san ko ya halatta a sha, tunda maigida bai kurɓa ba. Ablawa ta sake zubawa, ta riƙe masa a baki kamar yaro. Da ta ga yadda ya rufe ido yana haɗiya, sai ta tsani kanta.

Daga nan suka juya wajen Ablawa da tambayoyi. Yana barci? Yana cin abinci? Yana gane mutane? Mutumin yana zaune a tsakiyarsu, wando jiƙe, yana bin bakin kowa da ido. Sau biyu ya buɗe baki, kafin kalmar ta fito an wuce wurin.

Rana ba ta gama faɗuwa ba suka fara duba agogo. A bakin ƙofa Akpovi ya kama hannunta da hannu bibbiyu, ya yi magana da murya mai taushi.

"Matarmu, wahalar ta yi miki yawa. Mun yi shawara, daga Juma'a mai zuwa a gidana za a riƙa yi. Ki kawo mana shi, wurinsa yana nan."

Sauran suka gyaɗa kai, kowa yana kallon takalminsa. Gidan Akpovi a hawa na uku yake, matakalar ko mutum biyu ba sa jerawa. Hunsu ne da kansa ya samo masa gidan.

Ablawa ta waiwaya. Mijinta yana ɗaga musu hannun hagu, yana murmushi da rabin baki.

"To, Dokta," ta ce. "Sai Juma'a."