Harshen Firmino

A garinmu, bakin kogin Minho, kowa na da abin da yake taƙama da shi. Firmino harshensa ne jarinsa. Wai da loma ɗaya zai gaya maka ko lamfireyar da ke kwanonka, wato wani kifi mai kama da maciji, daga gaɓarmu ta Fotugal aka kamo ta, ko daga tsallake, wajen mutanen Galisiya. Kogi ɗaya fa! Halittar da ba ta da ko muƙamuƙi, sai zagayayyen baki da take manne wa dutse da shi, ita ce wai ta san iyakar ƙasa. Mu kuwa muka yarda, har muka naɗa shi alƙalin tukwane a bikin kowace shekara, kuma da wannan kujera yake numfashi.

Bana ya yi ɓaranɓarama. A gaban ƙanin matarsa, Ramiro, wanda ya tsallako cin biki, ya bugi ƙirji ya ce, "Tunda nake, ban taɓa ganin abin kirki ya fito daga waccan gaɓa ba."

Matarsa Sabela tana tsaye tana tarar jinin lamfireya a kwano don miya. Ba ta ɗago ba. Ni kuwa na san daga inda aka auro ta.

Ramiro ya ce, "To, suruki, a gwada mana. Kwano biyu, ka faɗi gaɓar kowanne. In ka kasa, ka sauka daga kujerar."

"A kawo goma!"

Ranar biki Sabela ta dire masa kwano biyu, shinkafa ta sha baƙar miya. Firmino ya ɗanɗana na farko, ya lumshe ido, ya daɗe yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi.

"Wannan tamu ce. Kun ji ƙanshin dutsenmu?"

Ya taɓa na biyu, ya yamutsa fuska, ya tofar.

"Taɓo zalla! Ramiro, haka kuke ci ku kwana lafiya?"

Jama'a suka ɗauki tafi. Sabela ta bari suka gama, ta goge hannu.

"Maigida, lamfireya ɗaya ce. Tukunya ɗaya. Da ludayi ɗaya na raba."

Wani can baya dariya ta kufce masa. Firmino ya dubi kwanon nan, ya dubi wancan. Wallahi na tausaya masa, amma kaɗan.

Da ƙyar ya ce, "To, a wace gaɓa aka kama ta?"

"Ban tambaye ta ba," in ji Sabela. Ta jawo kwanon da ya tofa wa yawu, ta haɗa da ɗayan. "Amma mai dafa ta daga tsallake ta fito. Tun kana da baƙin gashi kake suɗe kwanonta, har yau harshen naka bai gane ba."