Uban Takarda

Duk wanda ya san layin 'yan hatsi a kasuwar Gwarzo ya san Alhaji Baƙo, ya kuma san Zinnira 'yarsa ce. Ranar da aka yaye ta ƙanensa Malam Hambali ya aiko masa da ita daga Masanawa ta ƙasar Kabo, goye a bayan gwaggonsu, don shi Baƙo 'ya'yansa maza ne zalla. Shi ya yi jinyar ƙyandarta, shi ya riƙa kai ta firamare a bayan keke. Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙoshi shekara da shekaru: a takardun makaranta Zinnira Hambali aka rubuta, malamai sun ce ba a kiran ɗa da sunan wanda bai haife shi ba.

Bana ta samu gurbi a kwalejin kiwon lafiya a Kano, a daidai lokacin da farashin hatsi ya karye, Baƙo na zaune kan buhunan da ya saya da tsada. Sai ga labarin wata gidauniya mai ɗaukar nauyin karatun 'yan mata. Zinnira ta cike komai a shagon kwamfuta a can Kano. Saura abu ɗaya, mahaifi ya buga waya ya tabbatar da yardarsa kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis.

Litinin da Talata Baƙo ya sha kiɗa. A ce danna ɗaya, ya danna, a sa masa wani kiɗan Turawa har katinsa ya ƙare. Ranar Laraba ya samu mutum, wata mai zaƙin murya.

"Baba, wannan lambar ba ita ce a fom ba."

"Baiwar Allah, ni ne ubanta."

"Sunanka Hambali?"

"Baƙo. Yayan Hambali, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na riƙe ta tun tana tatata."

"Ayya Baba, sistem ɗinmu ba shi da wurin mariƙi."

"To shi sistem ɗin ne ke ciyar da ita?"

"Akwai wani abin da zan iya taimaka maka da shi?"

"Da me kika taimake ni tukuna?"

Ta gode masa da kira, ta kashe.

Ashe lokacin da aka yi wa Zinnira katin ɗan ƙasa ta je yawon Salla Masanawa, lambar Hambali aka sa, kwamfuta kuma ita ta riƙe.

Ranar Alhamis da hantsi Baƙo ya hau babur ya nufi Kabo, yana tafe yana cin zuci. Hambali! Mutumin da ko fensir bai taɓa saya mata ba. Kai ka yi noma, ka yi girbi, ka yi sussuka, ranar awo a ce a kira mai gona. Gobe in ta zama ma'aikaciyar asibiti, farin kaya har ƙasa, 'yar Hambali za a ce.

Ya same shi a zaure da littafi a cinya. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da jama'a. Baƙo ya ture kwanon furar da aka kawo masa.

"Ina wayar taka?"

Hambali ya lalubo ta daga aljihu, wata 'yar ƙarama da aka ɗaure bayanta da kyauron roba. Baƙo ya dube ta, ya dubi tasa mai shafa-shafa, ya yi tsaki. Wai wannan ce ta fi shi matsayi a Kano.

Sabis a Masanawa sai bayan rumbu. Can suka tsaya cikin rana, dattawa biyu, suna sauraron kiɗa. Sai bayan azahar aka ɗauka, wani namiji ne wannan karon.

"Malam Hambali, faɗi cikakken sunan ɗalibar."

Hambali ya yi gyaran murya. "Ita yarinyar ce dai. 'Yar gidan Yaya."

"Sunanta nake so."

"Ai yana nan a rubuce a gabanka, ɗan samari."

To, Zinnira 'yar fari ce, kuma gidansu gidan kunya ne. Tun ranar da aka raɗa mata suna Hambali bai taɓa ɗora shi a harshensa ba. Ko gaishe shi ta zo yi, gefe yake kallo ya amsa wa bango.

"Malam, ba ka san sunan 'yarka ba?"

Wani sanyi ya ratsa Baƙo har tafin ƙafa. Ya kau da kai don kada a ga haƙoransa. Ga uban takarda nan, a tambaye shi mana!

"Zinnira!" ya faɗa da ƙarfi ta bayan kafaɗar ƙanensa.

"Na ji wata murya daban. Doka ba ta yarda a yi wa mutum satar amsa ba. Mun gode da kira."

Ƙit. Ƙarfe uku saura kwata.

Daɗin da Baƙo ya ji ya tsere ya bar shi da zufa. "Hambali, harafi nawa ne? Ka rufe ido ka faɗa!"

"Yaya, a gabanka? Wallahi bakina ba zai iya ba."

"To ni in matsa."

"Ko ka matsa."

Baƙo ya fizge wayar ya sake bugawa. Kiɗa. Inuwar rumbu ta fara miƙewa. Uku da rabi ta gota sannan aka ɗauka, mai zaƙin muryar nan ta jiya.

"Da wa nake magana?"

Ya buɗe baki, sunansa na gaskiya ya zo har leɓe. Shekara sittin da uku yana Baƙo, a kasuwa sunan nan kaɗai ya isa a sauke masa mota guda ta masara. Ya haɗiye shi kamar maɗaci.

"Hambali ne."

Malam Hambali ya ce astagfirullahi, ya juya baya ya fuskanci zana.

"Sunan ɗalibar?"

"Zinnira." Ya ja shi a hankali yadda na bayansa zai ji da kyau. Sai kuma dole ta sa ya ƙarasa, "Zinnira Hambali."

"Ranar haihuwa?"

Nan ƙasa ta dare masa. Ya san ranar da aka kawo ta, ana cikin roron wake. Ya san ranar da ta yi famfara. Haihuwa kuwa yana Legas ya kai kaya.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji, sabis ne."

Daga wajen zana, can ƙasa-ƙasa, ba tare da ya waiwayo ba, Hambali ya ce, "Sha huɗu ga Maris, dubu biyu da shida. Talata, bayan la'asar."

Baƙo ya maimaita, har da Talatar da ba a tambaye shi ba. Ya ji ƙarar maɓallan kwamfuta.

"Shi ke nan, an tabbatar. Duk saƙon da ya biyo baya ta wannan lambar zai zo. Allah ya raya maka ita, Malam Hambali."

"Amin," in ji Baƙo, da muryar wanda aka taka wa ƙafa a sahu.

Ya miƙa wayar. Kaji na tono a gindin rumbu.

"Yaushe ka haddace?"

"Ai ba haddacewa na yi ba, Yaya."

Baƙo ya dube shi sosai, irin duban da yake wa buhun da ya zata ƙaiƙayi ne ya tarar da shi cike da tsaba. Shekara goma sha tara ƙanen nan nasa yana amsa wa bango gaisuwa, ashe yana riƙe da abinsa a ciki, inda ba mai ƙwacewa.

"Ka tsaya ka sha furar mana."

"Na ƙoshi."

Ya tayar da babur, ya ɗan yi gaba, ya ja birki.

"In saƙo ya shigo, ni za ka fara kira. Ni zan gaya mata. Ka ji ko?"

"To, Yaya."