Ranar da Ishaya Ya Ƙwato Hansatu

Wata huɗu ke nan Ishaya yana ganin jirginsa a hannun wani, kuma duk Asabar ɗin duniya abin sabo yake komawa a zuciyarsa.

Ishaya mai fenti ne. A wata masana'antar kujerun ƙarfe da ke Idu yake aiki, yana fesa wa ƙafafun kujeru launi tun safe har la'asar, sannan ya kama doguwar hanyar gida, Kurudu. Wasan jiragen kuwa a Garki ya gamu da shi, ranar da aka kira shi ya shafe bangon shagon shayin wata mata da ake kira Anti Rita. Yana kan tsani ya hango manyan mutane, masu gemu da tabarau, sun kewaye wani tebur da aka shimfiɗa wa baƙin ƙyalle mai ɗigo-ɗigon taurari, suna tura 'yan jirage da ba su fi babban yatsa ba, suna awo da rula. Ya sauko ya tsaya kallo. Tun daga ranar ya zama ɗan gida.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa ana ba shi maki ɗari uku ya haɗa rundunar jiragen yaƙin sararin sama. Babban jirgi yana cin maki da yawa, ƙarami kaɗan. Kowa ya rubuta abin da ya zaɓa a takarda ya miƙa wa Anti Rita, ita ce alƙaliya, ba a buɗewa sai an zauna. Zagaye shida ake yi, ana jefa dayis irin na lido domin harbi, wanda ya fi ɓarna shi ya ci. Sai dai mutanen shagon suna da wata al'ada tasu da ba ta cikin littafin wasan: wanda ya ci yana ɗaukar jirgi ɗaya daga cikin waɗanda ya kakkaɓo, ya zama nasa, ya tafi da shi gida.

Jiragen sauran daga waje ake aiko musu a kwali. Ishaya da hannunsa yake ƙera nasa, aka kuma yarda masa, tunda faɗin gindinsu ya yi daidai da ƙa'ida. Mafi kyawu a cikinsu ya haɗa ta ne da kan tsohuwar tocilar marigayi babansa, wadda tsohon yake zuwa gona da ita, da bawul ɗin kekensa. Mako uku ya yi yana gogewa yana shafawa, shuɗi mai duhu da zanen azurfa. A ƙarƙashinta ya rubuta sunan uwarsa da bakin allura: Hansatu.

Lukmanu ne ya ci ta. Shi babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, mai farar shadda da ƙamshin turare, kuma shi ya fara kawo wasan shagon. Tsarinsa ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: ya zuba maki ɗari biyu da ashirin a kan wani ƙaton jirgi da yake kira Babban Sakatare, sauran tamanin ya ɗauki ƙanana biyu su riƙa bin sa a baya.

Da cin ne kawai, da Ishaya ya haƙura, al'ada ce kuma ya san da ita. Amma Asabar ta gaba sai ga Lukmanu ya fito da Hansatu daga akwati ya shafe ta da kore, ya ja mata farin layi kamar tasi. Fentin ma ba na kirki ba, ya yi kauri, ya zubo ya toshe zanen azurfar duka.

"Mai fenti, ya ka ga aikina?" in ji Lukmanu yana juya ta a tafin hannu. "Na sa mata suna Kabu-kabu. Ita ke kai wa Babban Sakatare abinci."

Aka yi dariya. Ishaya ma ya yi murmushi, don shi ba mai hayaniya ba ne.

"Oga, sunan mamana ne a jikinsa," ya ce a hankali.

"Ai na gani. Na rufe shi ne don kada rana ta ɓata."

Daga nan Lukmanu bai ƙara yin wasa ba tare da ita ba. Kullum tana laɓe a bayan ƙaton, inda harbi ba ya kaiwa. Ya san sarai ba a ɗaukar jirgin da ba a kakkaɓo ba.

Ishaya ya nemi shawara. Hanif, wani injiniya mai sanyin hali da suke wasa tare, ya zaunar da shi ya yi masa bayani da biro a bayan takarda.

"Hanya uku ce, Ishaya. Ko ka yi ƙato kamar nasa, ko ka yi matsakaita uku masu taimakon juna, ko ka tara ƙanana masu gudu. Ni dai matsakaita nake yi, ba ka asara da yawa."

"Kana cin sa da su?"

Hanif ya sosa gemu. "Ban ce ina cin sa ba."

Ishaya ya gwada ƙato, ya ari na Hanif. Lukmanu ya fi shi sanin yadda ake juya babban jirgi, ya farfasa shi a zagaye na huɗu, ya ɗauke masa wani ɗan jirgin rakiya. Ya gwada matsakaita uku. Babban Sakatare ya juya gefensa, inda manyan bindigoginsa suke jere, ya share su ɗaya bayan ɗaya. Wani jirgin ya sake tafiya, shi ma ya dawo kore da farin layi.

"Saura kaɗan in buɗe tasha," in ji Lukmanu.

Ran nan Ishaya bai sha shayinsa ba. A hanyar gida yana ta ayyana yadda zai ɗauke Babban Sakatare wata rana, ya shafe shi da baƙin kwalta, ya rubuta masa suna irin wanda ba a faɗa a gaban mata.

Wata Litinin da safe yana cikin bas a Nyanya, hanya ta tsaya cak kamar yadda ta saba. Mai gurasa ta wuce ta dawo, fasinjoji sun fara gyangyaɗi. Ta taga sai ya hango wata tirela tana son ta karya kwana ta fita daga layi. Wata 'yar motar ɗaukar buredi ta tsaya mata a hanci. Direban tirelar ya yi ta danna oda, ya leƙo yana zagi, amma ba halin juyawa, don tirela ba ta juyawa sai ta matsa gaba. Da mai buredin ya gusa, wata akori-kura ta cike gurbin. 'Yan acaɓa kuwa suna ta sulalewa ta gefenta suna zagayawa bayanta yadda suka ga dama.

Ishaya ya gyara zama. Ya tuna wata doka a littafin wasan da ba wanda ya damu da ita: babban jirgi ba ya juyawa sai ya yi gaba, in kuma ya tarar da wani a gabansa, tsayawa yake yi inda yake. Ya tuna da jiragen dakon kaya da ke shafin ƙarshe, maki goma sha biyar kowanne, ba bindiga, sai taurin jiki. Tun da aka fara wasan a shagon ba wanda ya taɓa ɗaukar ko ɗaya. Lukmanu a cikin gari yake zaune, minti goma ke kai shi ofis. Bai taɓa kwana biyu a jere yana kallon tirela a gosulon Nyanya ba.

Mako biyu bai je shago ba. Ya tattara murafen kwalba da guntayen bututu a wurin aiki, ya ƙera jiragen kaya shida, munana, masu faɗin ƙirji. Ya ƙara da ƙanana bakwai masu gudu, maki talatin-talatin.

Ranar Asabar da azahar ya shigo da akwatinsa, ya miƙa wa Anti Rita takarda, ya ce da Lukmanu yake so ya yi. Kafin ya jera jirage sai ya fito da wata 'yar kwalbar bama mai ruwa garau a ciki, ya ajiye a bakin tebur.

"Wannan fa? Maganin hawan jini ka zo da shi?" in ji Lukmanu.

"Na anjima ne, oga."

Anti Rita ta buɗe takardun. Ta karanta ta Ishaya, ta cire tabarau, ta sake karantawa.

"Ɗana, jiragen kaya shida? Ka san ba sa harbi ko?"

"Na sani, Anti."

Lukmanu ya yi dariya har da dafa tebur. "Yau kuma kasuwa aka kawo mana. Hanif, zo ka sayi doya."

Zagayen farko Ishaya ya tura jiragen kayan a layi ɗaya, sak hancin Babban Sakatare, ƙananan kuma ya raba su gefe biyu can nesa. A na biyu Lukmanu ya ɗauki rula zai juya ƙatonsa, sai gindinsa ya taɓa jirgin kaya na farko.

"Ya tsaya," in ji Anti Rita.

"Kamar yaya ya tsaya? Ai turewa zan yi."

Ta buɗe littafin ta nuna masa layin da farcenta. Lukmanu ya karanta. Bindigogin gaban ƙaton ba su da ƙarfi, da ƙyar ya fasa jirgin kayan. Zagaye na uku wani ya shiga gurbin. Manyan bindigogin gefe suna nan suna kallon sarari, ba kowa a gabansu.

Ƙananan bakwai suka zagaya baya. Can suka tarar da 'yan rakiya biyu, ɗayarsu kore da farin layi. Ishaya ya ɗauki dayis. Hansatu ce, kuma dole sai ya harbe ta kafin ya iya ɗaukarta. Ya jefa sau biyu. Anti Rita ta ɗauke Hansatu daga kan ƙyallen ta ajiye a gefe, cikin waɗanda aka kakkaɓo.

"Kakkaɓowa daban, ci daban," in ji Lukmanu. Ya daina dariya, ya cire hula ya ajiye.

Gaskiyarsa ce. Zuwa ƙarshen zagaye na biyar ya fasa jiragen kaya huɗu da ƙanana uku, ya fi Ishaya ɓarna nesa ba kusa ba. In ƙaton bai faɗi ba, Hansatu za ta koma akwatin Lukmanu, kuma ba zai sake fito da ita inda za a same ta ba, Ishaya ya san wannan. Sai dai ƙananan huɗu da suka rage suna manne a bayan Babban Sakatare, inda ba shi da sulke, tun zagaye biyu suna gutsurarsa. Saura masa rai uku.

Zagaye na shida jirgin kaya na biyar ya tsaya masa a hanci. Har mai haɗa shayi ya kashe risho ya zo kallo. Ishaya ya jefa na farko, ya kuskure. Na biyu ya samu. Na uku ya samu. Ya riƙe dayis na ƙarshe, ya dubi Lukmanu ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya sake shi a hankali. Ya gangara ya tsaya a jikin rula.

Anti Rita ta leƙa. Ta sa hannu biyu ta ɗauke Babban Sakatare.

Hanif ya saki numfashi. "Zaɓi, Ishaya. Ɗaya kawai."

Ishaya ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaton. Yana da nauyi, ga ƙyalli, irin wanda sai an yi wata biyu ana jira kafin ya iso. Ya juya shi, ya duba inda baƙin kwalta zai fi zama. Idon Lukmanu na kan jirgin. Ishaya ya bar shi a haka, ya ɗauki lokacinsa, har sai da ya ga gumi ya tsattsafo a goshin da aka cire wa hula.

Sannan ya tura masa shi ta kan ƙyallen.

"Riƙe abinka, oga. Tirela ba shi da amfani a hanyarmu."

Ya ɗauki Hansatu, ya buɗe kwalbar baman. Warin tina, ruwan da masu fenti ke wanke buroshi da shi, ya cika shagon. Ya tsoma ta a ciki. Koren ya fara tattarewa yana saki, ruwan ya rine. Ya san shuɗinsa ma zai tafi tare da shi, amma wannan aikin mako uku ne, kuma yana da hannu. Ya ciro ta ya goge da tsumma, ƙarfen tocilar ya fito fes, ya juya ƙarƙashinta ya ga rubutun allurar yana nan.

"Wato tun farko da shiri ka zo da wannan kwalbar," in ji Lukmanu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun wata huɗu na cika shi." Ishaya ya rufe kwalbar, ya naɗe Hansatu a hankici ya sa a aljihun gaban rigarsa. "Akwai sauran biyu nawa a tasharka, oga. Asabar mai zuwa ka zo da su."